Ƙanena baya tangaɗi, amma kullum sai ya kurɓa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ƙanena bakanike ne, ranar da zan masa wanki na tsinci ledojin giya a aljihun kayan aikinsa. Da na matsa masa sai yace shi ai ba mashayi bane tunda ba'a taɓa ɗauko shi a buge ba, wai abokinsa ne mashayi, wanda duk ƙarshen wata in ya ɗau albashi sai ya tafi Sabon Gari ya sha har sai an kawo shi gida a keke napep. Shi wai ɗan kaɗan yake kurɓa da safe dan hannunsa ya daina rawa ya iya riƙe sifana. Yanzu Yayanmu yace ko a kulle shi a ɗaki sati guda ko a kaishi gidan mari. Wai waye mashayin a cikinsu?
Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Zancen haramci dai kin sani na sani shima ya sani, kaɗan da mai yawa duk ɗaya ne, toh bari muyi maganar jiki tunda ita kika tambaya. Gaskiya ƙanenki yafi bani tsoro akan abokin nasa.

Abokin nan shan ganganci yakeyi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya duk wanda ya zuba wa cikinsa giram 60 na zallar barasa a zama ɗaya ya shiga sahun masu shan wuce kima, wato kusan manyan kwalabe uku kenan, kinga shi ai ya wuce nan nesa. Zai iya faɗawa kwata, zai iya hatsari akan mashin, hantarsa ma tana ɗanɗana kuɗarta. Amma in kuɗi ya ƙare yana iya sati uku bai sha ba kuma jikinsa lafiya lau.

Ƙanenki kuwa jikinsa ne ya riga ya saba har ya dogara da ita, shine ake cewa mutum ya kamu. Rashin tangaɗin da yake taƙama dashi ma alama ce, dan wanda ya daɗe yana sha jikinsa na iya ɗaukar abinda zai kada wani ba tare da an gani a tafiyarsa ba. Rawar hannun safe kuma ƙwaƙwalwa ce ke neman abinta bayan ta kwana babu, shiyasa yana kurɓa take lafawa. Ki lura ko yana zufa da tashin zuciya da asuba, ko ya taɓa rantsuwa ya daina ya kasa. Kuma kada ledar ta ruɗe ki dan ƙarama ce, abinda ke ciki yafi giyar kwalba ƙarfi sosai, ga arha ga sauƙin ɓoyewa, shi yasa ma hukumar kula da ingancin abinci da magunguna NAFDAC ta sanar da hana ta a 2024 duk da har yanzu ana ganinta a kiyos.

Maganar kulle shi a ɗaki, dan girman Allah ki roƙi Yaya ya bari. Mutumin da ya kamu in aka yanke masa lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 karkarwa zata fara, daga nan wasu su kama jijjiga kamar masu farfaɗiya, kwana biyu zuwa uku kuma wani sai ya rikice yana sambatu yana gane-gane, ku kuce aljanu ne ku ɗauko mai ruƙiyya alhali abin yana iya kisa. Gidan mari kuwa ai bamu manta ɗaruruwan mutanen da ƴan sanda suka fito dasu daga wani gida a unguwar Rigasa dake Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa.

Asibiti zaku kaishi. Akwai ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU dake Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, kuma zuwa can baya nufin mutum mahaukaci ne, wannan tunanin ya hana mutane da yawa magani. Zasu bashi maganin da zai kwantar da jikin ana ragewa a hankali, da bitamin B1, a duba hanta, ki roƙa a haɗa da gwajin ciwon hanta na B dan in ya haɗu da giya ɓarnar tafi sauri. Addu'a da nasiha ku cigaba dasu, basa hana zuwa asibiti.

Kar ki tara masa dangi. Ki same shi ku biyu, kice hannun nan ne ya dame ki kina so likita ya duba, kuma in kunje ya faɗi gaskiyar leda nawa yake sha a rana da lokacin da ya sha ta ƙarshe, dan da wannan likita zai san yadda zai auna masa magani.