Tambaya da Amsa: Me ya sa Arduino ke ɗaukewa idan servo ya motsa?

Tambaya: Malam, ina haɗa mutum-mutumi da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori). Na jona servo (ƙaramin injin lantarki mai juya gaɓoɓi) MG996R guda biyu da na'urar auna nisa HC-SR04 a ƙafar 5V. Da zarar hannun ya ɗaga kaya sai allon ya ɗauke, ya sake tashi. Ko jabu aka sayar min? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Allonka lafiya lau yake, kaya ka ɗora masa fiye da ƙarfinsa. HC-SR04 ba ruwanta, mA 15 kawai take ja (mA 1000 ne amfiya ɗaya). Masu laifin su ne servo ɗin: kowanne kan ja har amfiya 2.5 idan nauyi ya tokare shi, alhali fis ɗin da ke layin USB na Uno iyakarsa mA 500. Wutar sai ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwar allon ta koma farko.

Wasu kan ce a sa adafta mai bolt 12. Wannan ma ba magani ba ne, domin regiletar allon, mai rage wutar zuwa bolt 5, zafi take mayar da rarar wutar. Ko mA 300 ka ja, rarar bolt 7 za ta ba ka zafin wat 2.1, ta yi ta ɗaukewa.

Ka raba musu wuta. Ka ɗauko wa servo ɗin daga batir ta cikin LM2596 (ƙaramin allo mai rage bolt), ka saita shi a bolt 5 zuwa 6 da mita tun kafin ka jona komai. An rubuta masa amfiya 3, amma kada ka wuce 2 ba tare da ƙarfen sanyaya ba; gara kowane servo ya sami nasa idan kayan na da nauyi. Ka ƙara kafasita mai µF 1000 kusa da su. Wayar sigina kaɗai za ta tafi Arduino, sannan ka haɗe GND (ɓangaren negatif) na batir da na allon, in ba haka ba servo zai yi ta karkarwa.

Tambaya: Zan iya kunna rile (makunnin da wutar lantarki ke sarrafawa) kai tsaye daga ƙafar dijital?

Amsa: A'a. Kowace ƙafa mA 20 aka yarda mata, 40 kuwa bakin lalacewa ne, duka ƙafafun a haɗe kada su kai 200. Ƙaramin rile mai bolt 5 na jan kusan mA 70. Ka sa tiranzista 2N2222 da resista 1k, da dayod 1N4007 a juye a kan nadin rilen don ya tare wutar da ke dawowa idan an kashe.