Wai baƙo zai iya jefa ƙuri'a?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba zai iya zaɓe? Makaho fa ya zai yi?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Gaskiya ya danganta da ƙasar, galibi babban zaɓe na 'yan ƙasa ne kawai, amma a Birtaniya 'yan ƙasashen renon Ingila masu izinin zama suna zaɓar 'yan majalisa, Suwidin kuma baƙon da ya shekara 3 yana zaɓen ƙaramar hukuma, sai dai fa dole sunansa ya shiga rajista tukuna.

Makaho kuwa, wallahi haƙƙinsa ne, a Birtaniya zai iya zuwa da ɗan rakiya, ko a ɗora masa wata roba mai lambobi masu tudu kan takardar ƙuri'a ya laluba da yatsa.