Dalilin da Ya Sa Na Hana Ka Taɓa Kan Allurar Garmahon Alhaji

Yarona, ka tambaye ni me ya sa na hana ka canja allurar garmahon da Alhaji ya aiko daga unguwar Zariya, alhali muryarsa tana shaƙewa, kuma a ganinka aikin bai wuce a zare tsohuwa a soka sabuwa ba, kamar yadda muka saba yi wa sauran. Tambayarka tana kan hanya, kuma na ga ya fi kyau in rubuta maka amsar, domin irin wannan kaya ba kullum yake shigowa shago a Maraɗi ba, kuma idan ya mutu a hannunmu da wuya mu sami madadinsa ko da mun tsallaka Katsina ko Kano.

Kan allura, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allurar a ƙarshen hannun garmaho, iri biyu ne. A cikin wanda ake rubuta wa MM, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne yake manne a gindin tsinken da ke ɗauke da daimon, wato ƙwayar lu'ulu'un da ke bakin allura, naɗin waya kuwa yana zaune daram a jikin kan. Idan daimon ya bi lanƙwashe-lanƙwashen tsagin faifai, sai maganaɗisun ya motsa, wuta ta taso a cikin naɗin, kimanin milibolt 3 zuwa 5. Da yake babu wayar da ta haɗa tsinken da jiki, ana iya zare shi a sa wani. Wannan shi ne ka saba gani a kawunan Shure, waɗanda kamfanin ya daina ƙerawa a 2018, da kuma yawancin na Audio-Technica.

Na Alhaji kuwa MC ne, irin wanda Ortofon na ƙasar Danmak yake ƙerawa tun 1948, kuma a cikinsa an juya tsarin: maganaɗisun babba ne kuma ba ya motsi, naɗin wayar ne aka ɗaura a gindin tsinken, da wata waya wadda ta fi gashin kai siranta, tana fitowa kai tsaye zuwa ƙafafu huɗun da ke bayan kan. Saboda abin da ke motsi ba shi da nauyi, yana bin tsagin da kyau, yana fito da ƙananan sautukan da wancan yake haɗiyewa, kuma abin da masu shi suke zuba kuɗi a kai ke nan, har wani ya fi sabon babur tsada. Amma wutarsa kaɗan ce ƙwarai. Denon DL-103, wanda aka fara yi domin gidan rediyon Japan, milibolt 0.3 kawai yake bayarwa, shi ya sa sai an haɗa shi da taransifoma ko amfili na musamman kafin a ji shi sosai. Duk wanda ya ja tsinken irin wannan kan da niyyar canja allura ya tsinke naɗin, kuma babu dalmar da za ta mayar da shi. Idan daimon ɗinsa ya cinye, sai dai a aika da kan gaba ɗaya ga kamfanin ko ga masu dasa sabon daimon a ƙasar waje.

Ban ma yarda tukuna cewa daimon ɗin ya cinye ba. Shaƙewar murya a garin nan, abu na farko da nake zargi shi ne ƙura. A lokacin hunturu iska tana bushewa, faifai yana ɗaukar wutar da ke sa shi jawo ƙura, allura kuma tana share tsagin tana tara datti har ya dunƙule a bakinta ya ɗaga ta daga inda ya kamata ta zauna. Ka ɗauki gilashin ƙara girma ka duba, sau da yawa za ka tarar da ɗan ƙudurin toka-toka ya rufe daimon ɗin ruf. Ana cire shi da ɗan buroshi mai laushi, a hankali, daga baya zuwa gaba, wato yadda faifai yake wucewa a ƙarƙashinta. Kada ka share daga gaba zuwa baya, ko daga gefe zuwa gefe, domin tsinken bai ƙi ya lanƙwashe ba idan na alminiyam ne, idan kuwa na boron ne karyewa zai yi.

Na ga ka ɗauko kwalbar alkol, kuma a nan ne na ɗaga maka murya. A kawuna da yawa da gam aka liƙa daimon a jikin tsinken, alkol yana iya sassauta gam ɗin, sannan yana iya bin tsinken ya hau har ya kai ga 'yar robar da ke riƙe da gindinsa, garin neman gira a rasa ido. Wannan roba ita ce rayuwar kan, ita take ba tsinken damar lilo ya koma mazauninsa, kuma zafin bazararmu na watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana saurin tsufar da ita. Alamar mutuwarta a fili take: ka sauke allura a kan faifai ka duƙa ka duba ta gefe, idan cikin kan ya kusa gogar faifan to robar ta saki, idan kuma tsinken ya ƙage ba ya lotsawa ko kaɗan to ta bushe. Dukansu biyun sun fi ƙarfin shagonmu, kuma faɗa wa mai kaya haka ba abin kunya ba ne.

Sauran abubuwan da na hana ka gajeru ne. Kada ka kai ƙarfen narka dalma kan ƙafafun, zafi zai bi ya narka wayar ciki. Da hantsaki ake sa wayoyin, fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama. Kada ka gwada naɗin da tsohuwar mitarmu mai allura, wutar da take turawa tana iya yi masa yawa. Turnabis na ƙarfe kuma maganaɗisun zai fizge shi daga hannunka ya faɗa kan tsinken, saboda haka a nemi wanda maganaɗisu ba ya ja, a kuma share teburin daga garin ƙarfe kafin a buɗe murfin.

Abin da yake aikinmu na gaskiya shi ne awo. Kowane kai yana da nauyin da maƙerinsa ya ƙayyade, galibi tsakanin giram 1.5 da 2.5, kuma da ɗan ma'auni ake daidaita shi, ba da ido ba. Mutane suna zaton rage nauyi yana tausaya wa faifai, alhali allurar da ba ta zauna ba tsalle take yi tana dukan bangon tsagin, ɓarnarta ta fi ta wadda aka ɗan ƙara wa nauyi. Ni nakan tsaya kusa da saman abin da aka rubuta. Bayan nauyi sai a daidaita maɓallin da ke hana hannun zamewa zuwa tsakiya, a duba da takardar awo ko kan ya karkace a mazauninsa, a tabbatar teburin kansa bai jirkice ba.

Sai mun gama duk wannan, muryar ba ta washe ba, musamman a waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifai, sannan zan yi maganar cinyewa. A lissafin Audio-Technica, allura mai zagayayyen baki tana kai awa 500, mai siffar ƙwai awa 300, siririyar nan da suke kira microline kuwa awa 1000, kuma ƙurarmu tana rage wannan. Babban faifai mai juyi 33 yana cin kimanin minti 40 fuska biyu, don haka mai sauraron ɗaya a kullum yana cin kimanin awa 240 a shekara. Idan ɗan aiken Alhaji ya dawo, ka tambaye shi shekarar da aka sayi kan, da faifai nawa ake sawa a rana, da ko an taɓa ɗora masa tsofaffin faifai masu juyi 78, waɗanda tsaginsu ya fi faɗi kuma suke buƙatar tasu allurar daban.