Hukuncin Mai Yanke Sallah Ta Sake Saboda Kokwanton Raka'o'i

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce a unguwar Bolari, cikin garin Gombe. Kusan kullum sai na rikice a sallah, musamman La'asar, in rasa uku na yi ko huɗu. Sai in yanke in sake daga farko, wata rana har sau uku, kafin in gama rana ta yi ja. Wata da muke zuwa Islamiyya tare ta ce min sakewar ta fi tsira, wai ƙabli da ba'adi faci ne kawai. Shin daidai nake yi? Sallolina na baya fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, hukuncinki yana rataye da kalma ɗaya da kika faɗa, wato "kusan kullum". Da a ce sau ɗaya ne a wata abin yake samunki, da na ce ki yi gini a kan abin da kika tabbatar, ki ɗauka uku kika yi, ki kawo ta huɗu, ki yi sujjadar rafkanwa, shi ke nan. Amma wanda kokwanto ke ziyartarsa kowace rana, ko da sau ɗaya ne, malamanmu suna kiransa mustankihi, kuma hukuncinsa daban yake. A Risala da Ahalari duka an bayyana cewa irin wannan mutum ba ya kawo abin da yake kokwanto a kansa. Ki ɗauka huɗu kika yi, ki zauna ki yi tahiya, ki sallame, sannan ki yi sujjada biyu ta ba'adi. Kada ki ƙara raka'a, balle ki yanke.

Na san zuciyarki za ta ce, to in uku ɗin na yi fa? Ko da uku ne a ilimin Allah, kin yi abin da shari'a ta ɗora miki, kuma ba za a tambaye ki abin da ya wuce haka ba.

Sai maganar abokiyar karatunki. Niyyarta mai kyau ce, amma maganar ba ta da ƙafa, kuma na daɗe ina jin ta a bakin mutane, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Manzon Allah (SAW) ya yi mantuwa a sallah: ya miƙe bai yi zaman tahiyar farko ba, ya sallame a raka'a biyu, ya yi Azahar raka'a biyar. A cikin waɗannan babu inda ya yar da sallar ya ɗauko sabuwa, gyarawa ya yi. Wa ya fi shi son tsira? Kalmar "faci" da ta yi amfani da ita don ta rage wa abin daraja, ita ce kalmar da Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya yi amfani da ita a littafinsa Azzakhira, inda ya nuna cewa neman kusanci ga Allah da sallar da aka yi wa faci ya fi barin ta a shiga wata.

Gaskiya ne a mazhabar Imam Abu Hanifa akwai maganar a sake sallah daga farko idan kokwanto ya zo. Sai dai sun keɓe wannan ga wanda kokwanto bai zame masa al'ada ba. Wanda abin ke yawan samunsa, su ma ba su ce ya sake ba. Kin ga ko a wurin masu wannan ra'ayi ba ki shiga ciki ba.

Ki duba kuma abin da sakewar ke jawo miki. Yanke farilla ba tare da uzuri ba haramun ne, Allah ya ce kada ku ɓata ayyukanku, a suratu Muhammad aya ta 33. Idan kuwa kin kai ta farkon ƙarshe sannan kika tashi wata, ta farkon ce farillarki, ta biyun ta zama sallah bayan La'asar, lokacin da aka hana nafila. Ga kuma jan rana da kika ambata: da zarar rana ta yi fatsi-fatsi, zaɓaɓɓen lokacin La'asar ya fita. Kin fara sallah a kan lokaci, wasiwasi ya tura ki har lokacin larura. Ina tsirar take a nan?

Wuraren da ake sake sallah sanannu ne: wanda ya tabbatar ya yi ta babu alwala, ko kafin lokaci, ko ya bar rukuni irin su ruku'u bai tuna ba sai da lokaci ya yi tsawo. Ki lura da kalmar "ya tabbatar". Naki kokwanto ne.

Sallolinki na baya sun yi, kada ki rama ko ɗaya. Ki nemi gafara a kan yankewar da kika riƙa yi cikin rashin sani. Ba'adin ma in kin manta, duk lokacin da kika tuna sai ki yi, ko da an daɗe, ba ya ɓata sallah.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma zan faɗa miki. Wannan ciwo ba kasafai yake tsayawa a raka'o'i ba. In aka biye masa, sai ya koma alwala, mutum ya ƙarar da buta uku a wanke fuska, daga nan ya koma tsarkin tufafi, ke kuma ga yara ƙanana wataƙila. Sahabi Usman bin Abil As ya kai wa Annabi (SAW) irin wannan kuka, sai ya ce masa shaiɗani ne da ake kira Khinzab, ya nemi tsarin Allah ya yi tofi a hagunsa sau uku, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ki riƙe wannan. Ki sauke tukunya ko ki rage wuta kafin ki tayar da kabbara, domin La'asar ɗin mata da yawa tana haɗuwa da girkin dare, rabin hankali na kan murhu. Makon farko za ki ji kamar ba ki yi sallah ba, ki daure kada ki sake.

Idan kuma bayan wata ɗaya ko biyu abin yana ƙaruwa, har yana hana ki barci ko yana sa ki kuka, ki gaya wa maigidanki ya kai ki wurin likitocin da ke kula da damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Wani wasiwasin ciwo ne da ake magani, kuma zuwa asibiti ba ya hana addu'a.

Wallahu a'alam.