Amsa ga mai tambaya kan tabarau bayan aikin yanar ido

Malama, kin ce makonni uku ke nan da aka yi wa mahaifinki aikin yanar ido, yana hango nesa tangaran amma ya kasa karanta Alƙur'ani, har kuna tunanin ko aikin bai yi ba. Ki kwantar da hankalin Baba, domin ni ma haka na shiga wannan damuwa lokacin da aka yi mini nawa.

Ranar da aka cire mini bandeji, ina tsaye a bakin titin Ƙofar Doka a Zariya na karanta lambar wata mota da ke tsallaken hanya, abin da na shekara biyu ban iya ba. Amma da asuba na buɗe Mus'hafi sai na ga wasulla sun haɗe da baƙaƙe, dole na miƙe hannu da shi can nesa kafin na gane ayar. Da na koma, likita ya bayyana mini cewa ɗan madubin da Allah ya halitta a cikin ido shi ne ya dushe ya zama yana, shi aka cire aka sa na roba a madadinsa, kuma na robar ba ya sauya siffa don ganin kusa kamar na halitta, yawanci ana daidaita shi ne don ganin nesa. Saboda haka karatu, zira zare a allura da duba waya sai da tabarau, galibi mai ƙarfin +2.00 zuwa +3.00. Nawa +2.50 ne.

Shawarata ita ce kada ku yi gaggawar yanka masa gilashi mai tsada yanzu, domin ido bai gama zama ba sai bayan makonni 4 zuwa 6. Na kasuwar Sabon Gari zai iya taimaka masa wajen karatu kafin lokacin, amma idanu biyu kan bambanta, don haka ku kai shi a auna shi inda aka yi aikin, ko sashen ido na Asibitin Koyarwa na Shika.

Ya ci gaba da ɗiga maganinsa yadda aka tsara. Idan kuwa idon ya yi ja da ciwo, ko gani ya ragu farat ɗaya, wannan ba maganar tabarau ba ce, a ranar za ku koma asibiti. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya.