Me ya sa Sifaniyawa ke ba fim ɗin Faransa kyautar Goya?

Malam, ka tambaya yadda aka yi fim ɗin Faransa ya ci Goya alhali kyautar ta Sifaniya ce. Ba kuskure ba ne. Cibiyar masu sana'ar fim ta ƙasar, wadda ta fara raba kyaututtukan a 1987, ta ware wani rukuni na daban tun 1993 domin finafinan sauran ƙasashen Turai. Fim ɗin Indochine na Faransa ne ya buɗe fagen.

'Yan cibiyar ne ke kaɗa ƙuri'a, wato daraktoci da 'yan wasa da sauran ma'aikata, ba masu kallo ba. Wanda ya ci sai a miƙa masa ɗan mutum-mutumin mai zane Francisco de Goya, na tagulla.

Finafinan Meziko da Ajantina fa ba sa shiga rukunin na Turai, suna da nasu rukunin. Ni dai a ganina Faransa ta cika mamaye wurin, ko a 2024 da 2025 ita ta lashe. Shi ya sa na ji daɗi da fim ɗin Ida na ƙasar Foland ya ɗauka a 2015.