Tambayi Likita: Iska ta lafa, ruwa ya janye, amma gaba bai daina faɗuwa ba

Saƙonni huɗu na ware a wannan makon, domin duk hanya ɗaya suka biyo. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na ga wani rahoto cewa a Amurka idan mahaukaciyar guguwa ta wuce, ma'aikatan lafiya kan bi waɗanda suka tsira da takarda suna tambayarsu batun barci da tunani. Mutum ya rasa gida, maimakon a ba shi kwano da siminti sai a tsare shi da tambayoyi? Kuma mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? *Wani ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Wanda ke kwana a ajin firamare da 'ya'ya shida, matsuguni da abinci yake buƙata kafin komai. Sai dai tambayoyin nan ba a banza aka fito da su ba.

A ƙarshen watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta auka wa kudancin Amurka, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin Niyu Olins, fiye da mutum dubu suka mutu. Masu bincike na Jami'ar Harvard suka bi sawun waɗanda suka tsira. Bayan wata biyar zuwa takwas, kusan mutum 15 cikin 100 na da alamun ciwon firgicin da kan biyo bayan bala'i, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD. Da aka koma bayan shekara guda, maimakon a tarar abin ya ragu kamar yadda aka saba gani, sai aka tarar ya kai kusan 21. Masu tunanin kashe kansu kuwa sun tashi daga kusan 3 zuwa fiye da 6 cikin 100. Abin da aka fi dangantawa da wannan shi ne wahalar da ta ƙi ƙarewa: ba gida, ba aiki, dangi sun watse. Ka ga ke nan kwano da simintin naka ma magani ne. Amma kuma ka ga cewa wanda aka duba sau ɗaya ranar rabon kayan agaji aka sallame shi, ba a duba shi ba.

Amfanin tambayoyin tankaɗe ne. Yawancin mutane za su warware da kansu idan suka samu tsaro da dangi. Kaɗan ne ba za su warware ba, kuma a ido ba ka gane su. Su ake nema.

Batun teku kuwa, gaskiya ne irin waccan guguwar sai a kan ruwan teku mai ɗumi take haɗuwa, kuma sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa ake ba ta sunan mahaukaciyar guguwa. Abin dariyar shi ne da yawansu daga hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma suke somawa kafin su faɗa Tekun Atlantika. Mu namu rabon shi ne iskar farkon damina mai yaye kwano da tumɓuke darbejiya, da kuma ambaliya. Ka tambayi mutanen Jibiya abin da ruwan dare ɗaya ya yi musu a watan Yulin 2018, inda fiye da mutum 40 suka rasu. Ƙwaƙwalwar da ta ga ruwa ya tafi da ɗanta ba ta tambayar ko daga teku ya zo ko daga gulbi.

Tambaya: Likita barka da aiki. Sati uku ke nan da iska ta kwashe rufin ɗakinmu da dare, katanga ta faɗi kusa da inda yara ke kwance. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. To amma yarona ɗan shekara bakwai ya koma fitsarin kwance, da hadari ya haɗo sai ya shige ƙarƙashin gado, ko banɗaki zan shiga sai ya riƙe mini zani. Kakarsa ta ce iska ce ta taɓa shi, babansa kuma ya ce iskanci ne, har ya zane shi sau biyu. *Wata uwa daga Daura*

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Ki gaya wa Hajiya iska ce kam, amma wadda ta ɗauke kwanon. Shi kuma maigida a roƙe shi ya ajiye bulala. Yaron nan bai yi laifi ba, kuma duka ƙara jiƙa katifar zai yi.

Babba idan ya firgita yakan faɗa da baki. Yaro da jikinsa yake faɗa: ya koma halin da ya riga ya wuce, fitsarin kwance, tsotson yatsa, manne wa uwa, mafarkin tsoro. Wani ma za ki ga yana ta gina ɗaki da ƙasa yana rushewa. Ki ƙyale shi, da wasan yake narkar da abin. A sati uku duk wannan yana cikin abin da muke sa ran gani, ba mu kiran shi ciwo tukuna. Sai alamun sun wuce wata guda kuma suna hana rayuwa tafiya muke fara maganar ciwon firgici.

Ga abin yi. Ya kwana kusa da ke na ɗan lokaci. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, da safe a wanke ba tare da an tara masa yayye suna tsokana ba. Ya ci gaba da zuwa boko da islamiyya, domin komawa abin da aka saba shi ke gaya wa yaro duniya ba ta tashi ba. Idan hadari ya taso kada ki ce masa "ba komai", ya ga komai da idonsa. Ki rungume shi, ku yi addu'a tare, ki nuna masa sabon rufin da ƙusoshin da kafinta ya buga. Idan ya yi tambaya a ba shi amsa ta gaskiya daidai hankalinsa, idan bai yi ba kada a matsa masa ya ba baƙi labari.

Ki kai shi asibiti idan an haura wata guda ba sauƙi, ko ya daina ci ko magana. Idan kuma fitsarin na masa zafi, ko yana yawan shan ruwa yana ramewa, wannan kada a jira, a gwada fitsari da suga. Sannan ke fa? Ba ki faɗi yadda kike barci ba.

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Jibiya. Tun ambaliyar bara mata ke zuwa da ciwon kai da ciwon jiki, a gwada maleriya babu, su dawo. Ina zargin damuwa ce. Ya zan gane, alhali ni ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce?

Amsa: Sista, zarginki na kan hanya. Mutanenmu ba sa shigowa su ce "ina cikin damuwa". Cewa suke "gabana ke faɗuwa", "kaina ya yi nauyi", "jikina ya mutu". Na taɓa ganin wata dattijuwa da ta sha maganin olsa kusan wata shida. Ranar da na tambaye ta wa ya rasu a gidan, sai ta kwance bakin gyalenta ta fito da ɗan takalmin roba ƙafa ɗaya, na jikanta. Tun daga ranar aikin ya soma.

Ki fara da tambaya biyu, a keɓe, ba a gaban layi ba: a sati biyun nan, kin ji abubuwan da kike jin daɗinsu sun fita ranki? Kin ji baƙin ciki ko yanke ƙauna? Su ne farkon tambayoyi tara na takardar PHQ-9, wadda ake auna ciwon damuwa da ita. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3 ne, jimla 27, kuma wadda ta kai 10 tana buƙatar a zauna da ita sosai. Na firgici kuma tambaya biyar ne, e ko a'a, game da watan da ya wuce: mugun mafarki ko abin ya riƙa dawo mata, gudun duk abin da ke tuna mata, zabura da zaman ɗar-ɗar, jin ta yanke daga mutane, da ɗora wa kanta laifi. Idan "e" ta kai uku, ki tura ta gaba. Maki dai ishara ne, ba hukunci ba, kada ki ce wa kowa "kina da taɓin hankali" saboda lissafin takarda.

Wa za ki fi sa wa ido? Wadda ta rasa wani, ko ta ga mutuwa da idonta, wadda har yanzu ke raɓe a gidan wasu, mai ciki da mai jego, wadda ta taɓa irin wannan ciwo, da wadda 'yan bindiga suka riga suka tayar daga garinsu kafin ruwan ya same ta. A yankinku na ƙarshen nan ba kaɗan ba ne. Ki rubuta su, ki sake tambaya bayan wata uku, sannan farkon damina mai zuwa.

Tambaya ta tara a takardar PHQ-9 ita ce ake jin nauyi: ko ta taɓa jin gara ta mutu? Ki yi ta. Tambayar ba ta shuka wa mutum tunanin da babu. Idan ta ce e, musamman in ta tanadi hanya, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona, a kai ta babban asibiti a ranar. Daga nan za a iya tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne a tara mata a zaure a ce kowa ta ba da labarin daren dalla-dalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan wannan.

Tambaya: Likita, ruwa ya ci shagon mahaifinmu da rumbunsa wata takwas da suka wuce. Kullum "Alhamdulillahi" yake cewa, amma ya daina zama majalisa, ya rame, sai ya sha ƙwayar barci daga kemis yake runtsawa. Idan na yi maganar asibiti sai ya ce shi ya yi tawakkali. *Wani ɗan kasuwa daga Sabuwar Unguwa*

Amsa: Malam, hamdalar Baba gaskiya ce, ramar ma gaskiya ce, ɗaya ba ta ƙaryata ɗaya. Wata takwas da janyewa daga mutane da rashin barci, wannan ya yi kama da ciwon damuwa mai tsanani, kuma yana da magani.

Ƙwayar ce ta fi tayar mini da hankali. Idan diazepam ce, jiki kan saba da ita cikin 'yan makonni, tana sa tsofaffi jiri da faɗuwa, kuma ba ta taɓa tushen ciwon. Amma kada ku ƙwace ta dare ɗaya, yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage ta sannu a hankali. Maganin damuwa na gaskiya kan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi.

Kada ka ce masa asibitin ƙwaƙwalwa za ku. Ka ce za a duba hawan jini da suga da dalilin ramar, wanda dama ya kamata a duba a shekarunsa. Ka nemi amininsa ko limamin unguwa ya raka ku, dattijo ya fi jin maganar sa'ansa a kan ta ɗansa. Ka riga shi shiga ka gaya wa likita abin da ka gaya mini, kuma ka tafi da kwalin ƙwayar a aljihunka.